Shawara Ga Matasan Mawaƙa: Yadda Ake Rubuta Waƙar Talakan Da Yaƙi Ya Rutsa Da Shi

Wani ɗalibi da ke karatun Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya aiko mini da waƙa mai baiti talatin da biyar a kan rashin tsaro, haɗe da 'yar gajeruwar wasiƙa. Ya ce: "Malam, na rera wa abokaina, sun yaba kari, sun yaba amsa-amo, amma ban ga wanda jikinsa ya yi sanyi ba. Ina matsalar take?"

Ɗana, na karanta waƙarka sau uku. Karinta bai karye ba, amsa-amonta bai kuɓuce ba. Sai dai daga mabuɗi har marufi ban gamu da mutum ko ɗaya ba. Na ga "ta'addanci", na ga "zalunci", na ga "al'umma", na ga "ƙasarmu". Waɗannan kalmomi ba su da fuska, ba su da uwa, ba sa jin yunwa, don haka ba a yi musu kuka. Zan amsa maka a nan fili, domin sauran 'yan'uwanka masu alƙalami na Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, maza da mata, su ma su ɗauki rabonsu.

Gadon da muka tarar

Waƙar yaƙi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Makaɗan fada sun daɗe suna zuga sarki da barde da doki da sulke. Malam Sa'adu Zungur ya yi "Maraba da Soja" don tarbar dakarunmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, marubuta irin su Alhaji Aƙilu Aliyu sun ƙarfafa wa soja guiwa da baitoci. Duk wannan aiki ne mai daraja. Amma galibin hasken yana kan mai riƙe da makami. Wanda aka ƙone wa rumbu, da wadda ta gudu da goyo ba takalmi, sukan tsaya a gefen waƙa.

Ka dubi tarihin Gumel kanta. Masarautar ta shafe shekaru masu yawa a ƙarni na 19 tana gwabzawa da Haɗeja da Damagaram, har zuwan Turawa a 1903. Sunayen sarakuna suna nan a rubuce. Ina sunan matar da aka kama a bakin rijiya aka yi arewa da ita? Wannan giɓin ne nake so ku cike a zamaninku.

Akwai mutanen da suka yi fice a wannan fanni, su ne mawaƙa masu rubutu da Sifaniyanci. Ƙasar Sifaniya, wadda matasanmu suka sani da ƙwallon Real Madrid da Barcelona, ta yi mummunan yaƙin basasa daga Yuli 1936 zuwa Afrilu 1939, wanda ya ƙare da nasarar Janar Franco. An yi wa birane ruwan bama-bamai, an harbe malaman makaranta da manoma, yunwa ta ci mutane. Mawaƙansu suka juya alƙalami wajen farar hula, kuma har yau ana karanta abin da suka rubuta. Ba na ce ka kwaikwaye su ba. Dabarunsu za mu duba, mu ɗinka da zaren gida.

Mataki na farko: saurara kafin ka rubuta

Za ka ce, "Mu nan Jigawa Allah Ya rufa mana asiri, ban ga yaƙi da idona ba." Gaskiya ne, mu ƙara gode wa Allah. Amma labarin yaƙi yana zuwa har ƙofar gidanka kowace Alhamis. Kasuwar Maigatari tana tara fataken shanu da raƙuma daga Nijar, da direbobin da suka ratsa hanyoyin Borno da Yobe da Zamfara, da 'yan ci-rani da wasunsu ba ci-rani ya fito da su ba, gudun tsira ne. Zauna a teburin mai shayi na bakin kara, ko a rumfar masu auna riɗi da zoɓo, za ka ji abin da babu shi a jarida.

Kai kanka ka ɗanɗana wani abu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, an rufe iyaka, aka yi ta maganar kai wa Nijar farmaki. Ba a harba ko harsashi ɗaya a Maigatari ba, amma ciniki ya karye, motoci suka tsaya, dangi na nan da na Dungas da Magarya suka kwana cikin zulumi, har aka ba da umarnin buɗe iyakar a Maris 2024. An kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari don kaya da jama'a su riƙa kai da kawowa, sai ga iyakar da ya dogara da ita a garƙame. Ɗan dako da ya koma gida hannu rabbana a waɗannan watanni yana da labarin da ya isa waƙa.

Ga ladubban sauraro. Ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake nufi. Ka nemi izini kafin ka rubuta ko ka ɗauki murya a waya. Kada ka ce, "Yaya aka kashe su?" Ka ce, "Baba, wace sana'a kake yi a can gida?" ko "Inna, me kika fito da shi?" In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, kada ka tsokano hawayen da ba ka da abin share su. In mace ce mai takaba ko mai kunya, ka tura yayarka ko gwaggonka, ko kuma ka bar wa 'yan'uwanmu mata mawaƙa, don cikin gida yana buɗe musu fiye da kai.

Mataki na biyu: ɗauki mutum ɗaya

César Vallejo, mutumin Peru ne da ya rasu a Paris a 1938. A cikin waƙoƙinsa na yaƙin Sifaniya akwai wadda ya gina a kan mutum guda, ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Pedro Rojas, miji kuma uba, wanda aka kashe. Mutumin bai yi zurfin karatu ba, har rubutunsa da kuskure, Vallejo kuwa ya bar kuskuren yadda yake bai gyara ba, don a ji muryar mai ita. Dubban mutane aka kashe irinsa, amma ta wannan guda ɗaya mai karatu yake jin zafin sauran.

Kai ma ka yi haka. Kafin ka ɗora ɗango na farko, ka amsa wa kanka tambayoyi biyar a takarda: Wane ne shi? Me yake yi da safe? Wa yake ci da shi? Wace magana ce ba ta barin bakinsa? Me ya bari bai ƙarasa ba? In ba ka iya amsa su ba, ba ka gama sauraro ba, koma kasuwa. In mutumin Basakkwace ne, ka bar masa "shina" da "awa" ɗinsa. In Bamange ne ko Bafillace mai Hausar da ta sha bamban da taka, kada ka wanke masa harshe.

Mataki na uku: nemo abu guda da za a iya taɓawa

A nan ne gishirin aikin yake. Miguel Hernández makiyayin awaki ne tun yana yaro a garin Orihuela na Sifaniya, an haife shi a 1910. Da yaƙi ya ƙare aka jefa shi kurkuku. Ɗansa na fari ya riga ya rasu yana jariri, na biyu kuma yana nono. Matarsa Josefina ta aiko masa da wasiƙa cewa ba abin da take ci sai burodi da albasa. Daga wannan wasiƙa ya rubuta "Nanas de la cebolla" a 1939, wato waƙar reno ta albasa. Bai tsaya lissafa laifuffukan gwamnati ba. Albasa ya riƙe, da uwa mai shayarwa da yunwa, da dariyar jariri. Tarin fuka ya kashe shi a kurkukun Alicante a 1942 yana da shekara 31, waƙar kuwa har yau yaran makaranta suna karanta ta. Shi ma Vallejo, abin da ya sa aka tsinta a rigar Pedro Rojas bayan mutuwarsa shi ne cokalin da yake cin abinci da shi.

Mene ne albasarka? Mene ne cokalinka? Ga su nan birjik: allon da aka rubuta ba a wanke ba, makullin ɗakin da ya riga ya ƙone amma tsohuwa tana ɗaure da shi a haɓar zane, kwanon sha da aka fito da shi shi kaɗai, takalmin yaro ƙafa ɗaya, lefen da aka haɗa ba a kai ba, kiran waya da ake yi kullum ba a ɗauka. Zaɓi ɗaya, ka bi shi daga farkon waƙa har ƙarshenta.

Dubi bambancin. A waƙarka ka ce ta'addanci ya tarwatsa al'umma. Ga yadda na gwada faɗin wannan maganar da kayan tsakar gida:

Tukunyar tuwo can a murhu a ɗore,
Awakin gidan na ta kuka a ɗaure,
Uwa da ɗiya sun yi daji a kore.

Ban ambaci bindiga ba, ban ambaci ta'addanci ba. Tukunyar da ba a sauke ba ta gaya wa mai sauraro cewa gudun na gaggawa ne, awakin da ba a kwance ba sun gaya masa ba wanda ya rage a gidan.

Mataki na huɗu: nuna garin kafin masifa ta sauka

Ba a sanin girman asara sai an san abin da aka rasa. Pablo Neruda, mutumin Chile wanda ya sami kyautar Nobel a 1971, yana aikin jakadanci a Madrid lokacin da yaƙi ya ɓarke. A littafinsa na 1937 akwai waƙar da ya fara da unguwarsu ta Argüelles: gidan da ake kira gidan furanni, da yara, da kasuwa cike da kifi da dankali da tumatur. Sai da ya sa mai karatu ya ji ƙamshin unguwar, sannan ya kawo wuta. Haka kuma garin Guernica: jiragen Jamus da Italiya sun yi masa ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu 1937, ranar Litinin, ranar da kasuwarsa take ci. Ɗan Maigatari ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ranar kasuwa take nufi.

Saboda haka ka ba wa zaman lafiya kashi ɗaya cikin uku na waƙarka. Kiran assalatu, ƙarar turmi, dillali yana tafa hannun mai saye, yara suna biya karatu a tsangaya, amalanke ɗauke da damman gero. Kada ka yi gaggawa a wannan wuri. Idan masifar ta zo, ka taƙaita ta: baiti biyu ko uku sun isa. Sauran baitocin ka ba wa abin da ya biyo baya, wato hanya, da ƙishirwa, da zaman baƙunta.

Hanyar gudun hijira ma jigo ce mai zaman kanta, musamman gare ku mazauna bakin iyaka. A farkon 1939 mutane kusan rabin miliyan suka tsallaka daga Sifaniya zuwa Faransa cikin tsananin sanyi. A cikinsu akwai dattijon mawaƙi Antonio Machado da mahaifiyarsa tsohuwa. Ya rasu a ƙauyen Collioure ranar 22 ga Fabrairu, ita kuma ta bi shi bayan kwana uku. Mutanenmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, da na Borno da suka shiga Diffa, irin wannan tafiya suka yi.

Mataki na biyar: kira wuri da sunansa, ka kuma tsare gaskiya

María Mercedes Carranza, mawaƙiya daga Kolombiya, ta fitar da wani ɗan littafi a 1998 mai waƙoƙi 24. Kowace waƙa 'yar layuka kaɗan ce, kuma kan kowace sunan wani gari ne da aka yi wa kisan gilla. Sunan garin kaɗai ya zama shaida a kan masu son a manta.

Mu ma muna da sunayen da bai kamata su ɓace ba. Rann, inda jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Janairu 2017. Zabarmari, inda aka yi wa manoman shinkafa fiye da arba'in yankan rago ranar 28 ga Nuwamba 2020. Tudun Biri, inda jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu maulidi ranar 3 ga Disamba 2023. Idan za ka taɓa irin waɗannan, ka bincika rana da wuri sosai. Kada ka ƙara adadi don waƙa ta yi armashi, kada ka ɗora wa wani laifin da ba ka tabbatar ba. Ƙarya guda tana zubar da mutuncin baiti ɗari.

Sunan gari ka faɗa, amma sunan wanda ya ba ka labari ka sakaya. Mai yiwuwa yana da dangi a hannun masu garkuwa, ko yana shirin komawa gida. Canja masa suna, ko ka kira shi da sana'arsa: maƙeri, mai kitso, ɗan dako.

Mataki na shida: zaɓi kari da zubin da suka dace

Kari yana da hali kamar mutum. Akwai mai sukuwa, wanda ya dace da zuga. Akwai mai tafiyar raƙumi, wanda ya dace da juyayi. Ɗangwayen da na kawo a sama na ɗora su a kan mutaƙarab, gaɓa gajera ɗaya da dogaye biyu, sau huɗu, saboda takunsa a natse yake. In ba ka karanci aruli ba, kada wannan ya tsayar da kai. Hernández waƙar reno ya ɗauka, muryar da kowace uwa ta sani. Kai ma kana da waƙar reno, da ta daka, da ta niƙa, da ta gaɗa, da muryar marsiyya da ake ji a makarantun Islamiyya. Zauna kusa da kakarka ka ji yadda take lallashin jika, ka ɗauki takun, ka zuba naka kalmomin.

Game da zubi, ina ba ka shawarar ƙwar biyu ko ƙwar uku. Ƙwar biyar takan tilasta wa sabon hannu cika baiti da ciko. Baiti goma sha biyu zuwa ashirin sun wadatar. Kada ka bar amsa-amo ya ja ka da hanci: in kalma ta shigo don ta cika ƙafiya kawai, cire ta, ko da za ka sake ɗangon gaba ɗaya. In za ka yi amshi, ka ɗauko shi daga bakin mai labarin, wata gajeruwar magana da ya yi ta maimaitawa yana ba ka labari. Sannan ka rera da ƙarfi, kana tafa cinya. Duk inda harshe ya sarƙe ko numfashi ya yanke, akwai gyara a wurin.

Mataki na bakwai: tsare harshenka

Abu uku nake roƙonka ka nisanta. Na farko, tsiraita mamaci. Addininmu da al'adarmu sun umarce mu da suturta gawa. Alƙalami ma ya suturta ta. Ba sai ka siffanta rauni da jini dalla-dalla ba, balle abin da aka yi wa mata. Na biyu, jingina laifi ga ƙabila ko yare. Wanda ya yi kisa shi ya yi kisa. A kara ta Maigatari, Bahaushe da Bafillace da Bamange da Buzu hannu ɗaya suke tafawa a kan ciniki, kuma kowannensu yana da wanda ya rasa. Waƙar da ta ce "su wane ne" ta zama makamashi. Na uku, kiran ramuwa. Fushi halal ne ga wanda aka zalunta, kuma kana da damar tambayar masu mulki ina alƙawarin tsaro. Yi tambayar a fili, da ladabi, da hujja. Amma kada baitinka ya zama dalilin da wani yaro zai ɗauki gora.

Mabuɗi da marufi kuwa, ka bi sunnar magabata: fara da sunan Allah da salati, ka rufe da addu'a. Sai dai ka gajarta mabuɗin, kuma addu'ar ta kasance ta mutumin da ka ba mu labarinsa: Allah Ya mai da ita ɗakinta, Allah Ya bayyana ɗanta.

Mataki na takwas: mayar da waƙar ga masu ita

In ka gama, ajiye ta mako guda, sannan ka sake dubawa da jan biro. Soke duk baitin da in an cire shi ba a rasa komai ba. Kafin ka sa ta a Facebook ko WhatsApp, ko ka kai gidan rediyo, ka nemi wanda ya ba ka labarin ka rera masa. In ya ce, "A'a, ba haka aka yi ba," gyara. In ya ce a cire wani wuri, cire, ko da shi ne baitin da ka fi so. In waƙar ta kawo maka wani abin hannu, ka tuna yana da haƙƙi a ciki. Ka rubuta rana da wurin da ka yi ta a ƙasa, ka ajiye kwafi a takarda, don waya tana ɓata.

Ɗana, kada ka yaga waƙarka ta farko. Ajiye ta don ka riƙa auna tafiyarka. Ranar Alhamis mai zuwa ka ɗauki littafi da biro ka tafi Maigatari. Nemi mutum ɗaya, ka gaishe shi da girmamawa, ka saurare shi har ya gama. In ka rubuta abin da ka ji, ka aiko mini, zan karanta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mai da na gudun hijira gidajensu lafiya, Ya dawwamar mana da zaman lafiya a Jigawa da ƙasa baki ɗaya.